Fashin Baƙi: Me Ke Sa Sitod Ɗin Silinda Zarewa a Tsohon Babur, Kuma Yaya Ake Sauya Shi?

Idan bakanike ya gama aikin kan injin tsohon babur, ya zo ɗaure noti na ƙarshe, sai notin ya kama juyawa babu tsayawa, laifin wa ne? Na hannun da ke riƙe da sifana, ko na ƙarfen da ya shekara arba'in yana shan zafi da sanyi? In kuma an sayo sabon sitod, wato sandar ƙarfen da notin ke hawa ta riƙe silinda, murɗa shi kawai ake yi a gurbin tsohon a wuce wurin, ko akwai abin da ya fi haka?

Gardamar ta daɗe a garejin masu gyaran babura, amma ta ƙara zafi a 'yan shekarun nan. Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, kuɗin sabon babur ya fi ƙarfin mutane da yawa. Sai aka koma zaure da sito ana fito da tsofaffin Honda da Suzuki da Yamaha da aka jingine, ana kakkaɓe musu ƙura. Injin da aka ƙera a shekarun 1970 ko 1980 kuwa, sau da yawa a kan sitod ake cijewa idan an buɗe shi. Mai babur ya ce, "Oga, ka kashe mini tiredi." Bakanike ya ce, "Alhaji, wallahi a mace na same shi." Galibi kowannensu na da gaskiya gwargwado. Abin da ke mayar da ƙaramin gyara ya zama asarar inji ɗungurungum shi ne rashin sanin aikin da wannan ƙarfe yake yi.

## Mene ne sitod, kuma don me aka sa shi?

Sitod sandar ƙarfe ce marar kai, mai tiredi, wato haƙoran da noti ke bi, a bakinta biyu. Baki ɗaya yana shiga cikin kesin, wato gidan da kiranshaf yake kwance, ya zauna can. Sandar ta ratsa ramukan da aka yi a jikin silinda, ta ratsa kan silinda, ta ɓullo a waje, a nan ake ɗaura mata noti. A injin fistin ɗaya yawanci huɗu ne, su ne suka damƙe kai da silinda da gaskit ɗinsu, wato shimfiɗar da ke toshe yoyo a tsakaninsu, suka haɗa da kesin.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne injin Honda Super Cub, babur ɗin da ya fito a 1958, wanda zuwa 2017 an ƙera sama da miliyan 100. Samfuransa C50 da C70 da C90 masu kamshaf a kan silinda su ne kakannin injinan baburan da muke kira roba-roba. Injin a kwance yake, silinda na fuskantar tayar gaba, dogayen sitod huɗu na riƙe da ita. A C50 da C70 kaurin kowanne milimita 6 ne kacal.

Dalilin da ya sa masu ƙera inji suka zaɓi sitod shi ne laushin alminiyam, wanda da shi ake zuba kesin. Da ƙusa mai kai aka sa, duk buɗe inji sai ta fita ta koma, kowace shiga da fita tana ɗan cin haƙoran alminiyam. Sitod kuwa yana zaune a wurinsa, gogayyar duk tana can bakin waje tsakanin noti na ƙarfe da tiredi na ƙarfe, waɗanda in sun lalace sauyawa ake yi da araha. Ma'ana, ba a yi sitod don a riƙa cire shi ba. Amma a tsohon inji tsatsa kan haɗe noti da sitod, sai a zo kwancewa su fito tare. Abin da aka saba shi ne a mayar da su yadda suka fito, a ɗaure kamar ƙusa mai kai. Daga ranar duk murɗawar da za a yi a cikin alminiyam ake yin ta, kuma a ƙarƙashin nauyi. Ramuka da dama ta nan suka fara mutuwa.

## Talewa ce ke riƙe inji

Nan ne aka fi samun rashin fahimta. Mutane na ɗauka taurin ƙarfen ne ke riƙe kan silinda, don haka in an ƙara ɗauri an ƙara tsaro. Duk wanda ya taɓa ɗaure buhu a bayan babur da robar tiyub ya san cewa robar na riƙe kaya ne saboda an tale ta tana neman komawa. In ba a ja ta ba kaya su zame, in an ja ta fiye da kima ta saki ko ta tsinke. Haka sitod yake. Idan an murɗa noti, sandar na talewa kaɗan, neman komawarta shi ne ke matse gaskit.

Ga lissafin. Ƙa'idar ɗaurin notin kan silinda a ƙananan injinan Cub tana tsakanin niyuton-mita 9 zuwa 12 a ma'aunin ƙarfin murɗawa. A sifana mai tsawon santimita 20, wannan bai wuce ka ja da ƙarfin ɗaga kilo 5 ko 6 ba. Yaron gareji ɗan shekara goma sha biyu zai iya da hannu ɗaya. Amma wannan ɗan jan yana ɗora wa kowane sitod nauyin da ya kai wajen kilo 800, huɗun su tashi sama da tan 3. Talewar da ta haifar da duk wannan ba ta kai rabin milimita ba. A ɗaya ɓangaren, duk fashewar mai a cikin silinda tana tunkuɗa kai waje da ƙarfin ɗaruruwan kilo, kuma idan inji mai bugu huɗu yana juyi 6,000 a minti, sau 50 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Muddin damƙar sitod ta fi wannan tunkuɗa, kai ba ya motsi, sitod ɗin ma ba ya jin bugun sosai. Da zarar damƙa ta yi rauni, kowane bugu a kansa yake sauka, har ƙarfen ya gaji ya tsage a gindin tiredi.

Sai kuma zafi. Alminiyam na miƙewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe. A tsawon santimita 20, idan zafi ya ƙaru da digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, alminiyam zai miƙe kusan milimita 0.46, ƙarfe kuma 0.24. A injin da silindarsa da kansa duk alminiyam ne, wannan bambanci sitod ne ke shanye shi: kullum aka ta da inji ya yi zafi, ɗaurin na ƙaruwa da kansa, in ya huce ya ragu. Masu ƙera injin sun bar wa wannan gurbi a cikin ƙa'idar da suka rubuta. Wanda ya sa bututu a bayan sifana ya danna ya cinye gurbin tun inji na sanyi. Idan zafi ya zo, babu sauran wurin talewa, sai a nemi inda ya fi rauni, shi ne haƙoran alminiyam na cikin kesin. Shi ya sa wani lokaci noti kan ɗauru lafiya a gareji, sai bayan kwana biyu ana tafiya mai ya fara tsatsafowa, ko a ji inji na hura iska ta gefen gaskit.

Akwai kuma batun mai. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da ake sa wa sifana a gogayya yake ƙarewa, a cikin tiredi da ƙarƙashin noti. Ɗan abin da ya rage ne ke tale sandar. Saboda haka noti mai tsatsa zai nuna ya ɗauru alhali bai matse komai ba, wanda aka jiƙa da giris kuma zai tale sitod fiye da kima a kan lamba ɗaya. Littafin gyaran injin kan faɗi ko a bushe za a ɗaure ko da mai, kuma bambancin ba ƙarami ba ne.

## Tiredi ba iri ɗaya ba ne

Baburan Japan da na Jamus da na Italiya da awon milimita suke aiki, wannan ya sauƙaƙa wa makanikanmu. Amma ko a nan akwai tarko: M10, wato mai kaurin milimita 10, yana zuwa da tazarar haƙori milimita 1.5, yana kuma zuwa da 1.25, a ido kuwa kusan ɗaya suke.

Tsofaffin baburan Ingila irin su BSA da Triumph da Norton su ne babbar matsala. A 1841 Joseph Whitworth ya fito da tsarin tiredi mai kusurwa digiri 55. A 1908 aka ƙara na BSF, mai ƙananan haƙora. Masu ƙera kekuna da babura kuma suna da nasu, mai haƙora 26 a inci da kusurwa digiri 60. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1949, Amurka da Birtaniya da Kanada suka amince da tsarin bai-ɗaya na UNF da UNC, wanda Triumph ta koma kansa a ƙarshen shekarun 1960. Sakamakon haka babur ɗaya na iya ɗauke da tiredi iri biyu ko uku, sitod ɗaya ma na iya zuwa da manyan haƙora a bakin da ke shiga alminiyam, ƙanana a bakin noti. Da gangan aka yi haka: ƙarfe mai laushi manyan haƙora yake so.

Dubi yadda tarkon yake. Sitod mai kaurin inci 5/16 daidai yake da milimita 7.94, M8 kuma milimita 8 ne. Bambancin bai kai kaurin takarda ba. Amma a kowane inci BSF na da haƙora 22, UNF 24, na masu kekuna 26, M8 kuwa kimanin 20. Idan aka murɗa M8 a ramin BSF, zai shiga juyi biyu ko uku lafiya lau, sai ya cije. A daidai wannan lokacin ake yin ɓarna, domin hannu ya saba cewa abin da ya cije sifana yake nema. Sifana za ta shigar da shi, ba shakka, amma tana shigar da shi ne tana niƙe haƙoran asali. Sitod ɗin da ya dace da raminsa, in ramin na da tsabta, da yatsu yake shiga mafi yawan tsawon tiredinsa. Ma'aunin haƙora, wato 'yan siraran ƙarafan nan da ake karawa a jikin tiredi, ba shi da tsada, kuma bai kamata garejin da ke taɓa tsofaffin babura ya rasa shi ba. In babu, a kara tsohon sitod da sabon a ɗaga su ga haske: in haƙoran sun shige cikin juna babu hasken da ke ratsawa, iri ɗaya ne.

## Wanne za a sayo?

A nan ra'ayi ya rabu. Wasu na cewa tunda na kamfani ya gaza, a nemo wanda ya fi shi kauri da tauri. Wasu na cewa a tsaya a kan na asali ko mai kama da shi.

Akwai darasi a injin Volkswagen Bitil, wanda shi ma iska ke sanyaya shi, dogayen sitod ke riƙe da shi. Da sitod masu milimita 10 suka riƙa zarewa daga kesin, kamfanin a farkon shekarun 1970 ya rage kaurinsu zuwa milimita 8, ya kuma dasa musu gurbin ƙarfe a cikin kesin. Siririn sitod ya fi talewa, don haka yana shanye miƙewar zafi ba tare da ya fizgi haƙora ba. Saboda wannan dalili ne za ka ga sitod ɗin asali na wasu babura tsakiyarsa ta fi bakinsa siranta. Wanda bai sani ba zai ɗauka rowar ƙarfe ce ko zaizayewa, alhali a nan ƙwarewar take. Ni a ganina ɓangare na biyu ne ke da gaskiya, sai dai in an ƙara wa injin ƙarfi fiye da yadda aka ƙera shi, wannan kuwa wani zance ne daban.

Abin da bai kamata a kusanta ba shi ne sandar nan mai tiredi daga farko har ƙarshe da ake sayarwa a kasuwar kayan gini, a yanko ta da zarto. Galibi darajarta 4.6 ko 4.8 ce, wato ƙarfinta kusan rabin na mai lamba 8.8. Za ta ɗauru ranar farko, daga nan ta tale ta ƙi komawa. Wanda aka sassaƙo a kan inji daga ƙarfen da ba a san asalinsa ba shi ma abin tsoro ne. Tiredin kamfani matsa shi ake yi a jikin sanda, ba a yanka shi, kuma wanda aka matsa ya fi jure bugu. Ƙarfe marar tsatsa na da kyan gani, amma yakan cije da notinsa su zama abu ɗaya.

Ɗaya za a sauya ko duka? Idan guda ya tsinke saboda tsatsa ko gajiya, 'yan'uwansa shekarunsu ɗaya, wahalarsu ɗaya, a duba su da kyau. Wanda ya yi ramukan tsatsa, ko ya tanƙware in an mirgina shi a kan gilashi, ko tiredinsa ya sirance har noti na rawa, ya tafi. Amma wanda yake lafiya, yana zaune daram a raminsa, a ƙyale shi. Kowane cirewa caca ce da haƙoran da ba a sayar da irinsu.

## Cire tsohon

Kafin a taɓa komai a auna tsawon da kowane sitod ya ɓullo daga fuskar kesin a rubuta, domin a injina da yawa ba tsawonsu ɗaya ba. A toshe bakin kesin da tsumma mai tsabta saboda ɓarɓashi.

Hanyar da ba ta ɓata sanda ita ce noti biyu: a ɗaura su a jere, a matse su da juna, sannan a juya na ƙasa. Idan ya ƙi, a zuba man sassauta tsatsa a gindinsa a bar shi ya kwana, a kuma ɗumama alminiyam ɗin da ke kewaye da shi. Miƙewar nan da ta zama matsala a baya a nan taimako take yi, ramin na buɗewa fiye da sandar. Zafin da zai sa ɗigon ruwa ya yi tsuwa ya tsere ya wadatar. A yi hattara da wutar walda, domin alminiyam na narkewa a kusan digiri 660 kuma ba ya yin ja kafin ya narke. Sai dai kawai ka ga ya zube. A riƙa juyawa gaba kaɗan baya kaɗan. Dogon sitod yana murɗewa a jikinsa kafin gindinsa ya motsa, don haka in an ji yana lanƙwasa ba ya tafiya, a dakata, a kama shi kusa da gindi. Wanda ya karye ya bar ɗan guntu a waje, mai walda na iya liƙa masa noti, zafin waldar ma kan taimaka ya saki. Wanda ya karye a ciki kuwa aikin masu injin huda na tsaye ne. Tauraren ƙusoshin zare karyayye da ake sayarwa, in ɗaya ya karye a cikin ramin, ya fi sitod ɗin wuyar fita.

## Idan ramin ne ya mutu

Alamar a fili take: sitod ya fito da zoben alminiyam a naɗe cikin haƙoransa kamar siririyar waya mai toka-toka. Wannan shi ne tiredin kesin, ya biyo shi.

Dabarun gaggawa kowa ya san su: a naɗa zare ko siririyar waya, a cusa guntun gwangwani, a cika da gam mai haɗi biyu. Babu ɗaya da zai riƙe kilo 800 a cikin zafi. Suna kai babur ƙofar gida ne kawai, wani lokaci ma da nufin a sayar wa wani bawan Allah, wannan kuwa ha'inci ne.

Gyaran gaskiya iri uku ne. Na farko shi ne wayar Helicoil, wadda aka ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1930 saboda injinan jiragen sama: a ɗan faɗaɗa ramin, a yanka sabon tiredi da taf ɗinta na musamman, wato ƙarfen da ake yanka tiredi da shi, a murɗa naɗaɗɗiyar wayar ƙarfe a ciki, sai ramin ya koma awonsa na asali. Idan an yi ta daidai takan fi tiredin asali ƙarfi, saboda tana kama alminiyam a faɗin da ya fi na da. Kuskuren da aka fi yi shi ne sa gajera. Sitod ɗin silinda na buƙatar kamu mai zurfin da ya kai kaurinsa sau biyu, gajerar waya kuwa za ta biyo shi waje. Na biyu gurbin ƙarfe ne dunƙulalle mai tiredi ciki da waje, irin na Time-Sert. Ya fi dacewa da ramin da aka taɓa gyarawa, amma yana cin nama da yawa, sai an tabbatar akwai kauri a gefen ramin. Na uku sitod mai babban gindi, misali M7 ko M8 a ƙasa, M6 a sama. Cike rami da waldar alminiyam a sake hudawa shi ne matakin ƙarshe, domin zafin na iya karkatar da fuskar da gaskit ke kwanciya.

Kowanne aka zaɓa, miƙewar huda ita ce komai. Karkatar digiri 1 a gindi tana zama kusan milimita 3.5 a ƙarshen sanda mai santimita 20. Silinda ba za ta zauna ba sai an tanƙwara sitod, sitod ɗin da aka tanƙwara kuma gefe ɗaya na haƙoransa ne ke ɗaukar nauyi. Injin huda na hannu da kyakkyawan ido ba su isa ba. Masu gyaran tsofaffin BMW suna da farantin ƙarfe da ake ɗaurawa a kan sauran sitod ɗin ya saita bakin huda. A rashinsa, tsohuwar silinda da aka zura wa bututu daidai ramin tana iya yin wannan aiki.

## Saka sabon: gam, mai, da hanyar da ba a gani

A fara wanke ramin har ƙasa a busar da shi. Rami ne marar mafita, in mai ya kwanta a ciki aka murɗa sitod a kansa, man ba ya matsuwa, yana iya tsaga kesin. A bi tiredin da tsohon sitod da aka yi wa tsaga a gefe don ya kwaso datti. Sabon taf mai kaifi yakan aske haƙoran da dama sun tsufa. A tabbatar da bakin da ke shiga ƙasa, sannan a shigar da yatsu, a ƙarasa da noti biyu da ɗauri mai sauƙi. Sitod ba ya buƙatar a danne shi a ƙasan rami. Notin waje ne zai ba shi ɗaurinsa.

Tsawon da aka rubuta tun farko a nan yake amfani. Injinan Cub na da notuna masu rufaffen kai. Idan sitod ya ɓullo fiye da kima, zai tokare rufin notin, sifana ta nuna an ɗaure tam alhali kan silinda bai matsu ba. In ya nutse da yawa kuma, haƙora uku ko huɗu ne kawai notin zai kama.

Batun gam ɗin kulle tiredi irin na Loctite shi ma ana ja-in-ja a kansa. Masu so na cewa yana hana sitod biyo noti a buɗewa ta gaba, kuma gaskiya ne. Masu ƙi na cewa sitod ɗin da aka ɗaure daidai ba ya kwancewa, shi ma gaskiya ne. Ɗigo ɗaya na shuɗin, wanda sifana ke iya kwancewa, ba laifi ba ne in littafin injin bai hana ba. Jan kuwa sai an gasa shi zuwa wajen digiri 250 yake saki, wato an bar wa bakaniken gaba wahala. Gam dai ba ya maye gurbin haƙoran da suka tafi.

Amma akwai abin da ya fi wannan hatsari, wanda yawancin masu babur ba su taɓa ji ba. A injina da yawa ramin da sitod ke ratsawa shi ne hanyar baƙin mai. A Cub, famfo na tura mai ta wata 'yar ƙofa a kesin, man ya bi gefen ɗaya daga cikin sitod huɗun har ya isa kamshaf da roka, waɗanda ke buɗe bawul. Shi ya sa ake sa wosha ta jan ƙarfe a ƙarƙashin noti a wannan kusurwa, ta toshe yoyo. A injinan BMW masu silinda biyu a gefe da gefe, waɗanda aka ƙera a Balin daga 1969 zuwa tsakiyar shekarun 1990, sitod biyu na sama a kowace silinda su ne ke kai mai ga roka, kuma zarewar sitod sananniyar cuta ce a wurinsu, duk da cewa ɗaurinsu bai wuce wajen niyuton-mita 35 ba. A irin waɗannan injina, gam ɗin da ya malalo, ko silikon da aka lafta a gindin silinda, ko wayar Helicoil da ta rufe 'yar ƙofar, ko sitod mai kauri da ya cike ramin, kowanne na iya yanke mai. Inji zai tashi, zai yi ƙara mai daɗi, a biya kuɗi a tafi, kamshaf na can yana gogar busasshen alminiyam. Don haka bayan haɗa inji a buɗe murfin bawul, a ta da shi, a ga mai da ido ya iso sama kafin babur ya bar gareji.

Ɗaurin ƙarshe a gicciye ake yin sa, daga wannan kusurwa zuwa mai fuskantarta, a mataki biyu ko uku, inji na sanyi. Bayan an ɗan yi tafiya gaskit ya kwanta, a injinan da littafinsu ya ce a sake dubawa sai a sake, a kuma sake saita bawul.

## Abin da ya shafi mai babur

Sitod da gaskit da noti duk ana samunsu, ko na kamfani ko na kwaikwayo. Kesin ɗin injin da aka daina ƙerawa kuwa sai dai a je wurin masu yanka tsofaffin babura, a sayo wanda ba a san tarihin ramukansa ba. Kuma a yawancin babura a jikin kesin aka buga lambar inji da ke cikin takardu, don haka sauya shi na iya jawo tambayoyi a shingen bincike ko ranar sayarwa. Ga ɗan acaɓa ko manomin da ke kai kaya kasuwa, kowace rana da babur ya yi a gareji abincin gida ne ya ragu. Wannan matsin ne ke sa mai babur ya tsaya a kan bakanike yana cewa, "Malam, ɗaure kawai mu tafi," bakanike kuma ya ɗaure don kada a ce bai iya ba.

Bakanike na da hanyar kare kansa da abokin cinikinsa: kafin ya fara kwancewa ya gwada kowane noti a gaban mai babur, in akwai mai laushi ya nuna masa, in sitod ya fito da zoben alminiyam ya ajiye shi a gani. Mai babur kuma na da haƙƙin ya tambayi abu uku: daga ina sitod ɗin ya fito, da me za a saita huda in ta kama, da kuma ko akwai sifana mai auna ɗauri. Irin wannan sifana na da tsada ga bakanike ɗaya, amma ba ta fi ƙarfin ƙungiyar makanikan layi guda ba, su saya su riƙa karɓa-karɓa. Ƙarama ake buƙata, mai farawa daga niyuton-mita 5 ko ƙasa da haka, domin ta masu gyaran mota ba ta jin ɗaurin notin milimita 6.